Na goge motar haya a Birtaniya, sai na gaya wa kamfanin inshorata?

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗauki motar haya a Manchesta, ka goge bamba a jikin ginshiƙi wajen yin fakin, kamfanin hayar ya cire kuɗin gyara daga katinka. Yanzu kana tambaya ko da ruwan kamfanin inshorar motarka ta kanka.

Ni dai shawarata, ka gaya musu. Biyan gyaran ba nasu ba ne, domin inshorar mutum a Birtaniya galibi ba ta shafi motar haya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar sabunta inshora. Yawancinsu za su tambaye ka ko ka yi haɗari cikin shekara 5 da suka wuce, ko laifinka ne ko a'a, ko ka nemi diyya ko ba ka nema ba. Karanta tambayar da kyau, sau da yawa direba take nufi, kowace mota ya tuƙa. Dokar inshora ta Birtaniya ta 2012 ta ɗora maka kula da gaskiyar amsarka. In ka ce a'a, suka gano daga baya, suna iya rage maka diyya ko su soke inshorar. Wanda aka taɓa soke wa kuwa, yawancin kamfanonin da ya je sai sun tambaye shi kan haka.

Kira su ka ce sanarwa kawai kake yi. Kuɗin shekara na iya ɗan hawa, na san da ciwo. Ka adana rasidin gyaran da hoton bambar.