Bayan ƙafa ta ɗauke daga gidan makoki

Tambaya: Malama, wata biyu ke nan da ɗan yayata ya kashe kansa a nan Gombe. Tun sadakar bakwai ƙafa ta ɗauke daga gidan. Yaya ko suna ba ta zuwa, ƙaninsa kuma ya daina magana. Ku masu binciken walwalar jama'a, akwai abin da kuka gano da zai taimake mu?

Amsa: 'Yar'uwa, sannunku da haƙuri, Allah ya gafarta masa. Akwai kam.

An daɗe ana cewa mutum shida irin wannan rasuwa take taɓawa. A 2018 Farfesa Julie Cerel ta Jami'ar Kentucky a Amurka ta fitar da binciken da ya kai adadin kusan 135, idan an haɗa da abokai, maƙwabta da abokan karatu. An kuma gano cewa makusantan mamacin sun fi sauran mutane shiga haɗarin irin wannan tunanin. Shi ya sa hankalina ya fi karkata kan ƙanin nan.

Ki keɓe shi, ba a gaban mutane ba, ki tambaye shi kai tsaye: "Kai ma tunanin kashe kanka yana zo maka?" Na san bakinki zai yi nauyi, amma bincike ya sha nuna cewa tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. Idan ya ce e, kada ki soma da faɗa ko wa'azi. Ki saurare shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a ranar. Maganin feshin gona da ke rumbu ko bayan ƙofa kuwa, a fitar da shi daga gidan. Da Siri Lanka ta haramta mafi guba a cikinsu, yawan masu kashe kansu ya ragu ƙwarai a ƙasar, domin sau da yawa ƙuncin yakan lafa idan abin bai zo hannu ba.

Ita Yaya kunya da zargin kai ne suka kulle ta a ɗaki. Kullum tana lissafin abin da ta kasa gani. Ba haƙuri kaɗai take son ji ba. Ki tsayar da rana, ko Juma'a ce, ki riƙa zuwa ki zauna da ita a tabarma, ki taya ta tsintar shinkafa. Ki ambaci sunansa, ki tuna mata wani alherinsa. Idan ta fashe da kuka, ki bar ta ta yi.