Yawan waɗanda aka horar ba shi ne tasiri ba

Ka tambaya ko yawan mutanen da ƙungiyarku ta koya wa sana'a ya isa hujjar cewa shirin ya yi amfani. Gaskiya bai isa ba. Ya nuna an yi aiki ne kawai.

Ku rubuta yawan kuɗin da kowane mutum yake samu a lokacin da ya fara, ku sake bayan wata 12. Ku yi haka ga masu jiran gurbi da ba a ɗauka ba tukuna. Bambancin ƙaruwar da ɓangarorin biyu suka samu shi ne tasirinku.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne cire waɗanda suka daina zuwa daga lissafi. Galibi su ne shirin bai amfana ba, sai sakamakon ya kumbura. Ku bi sawunsu, ko ta waya ce.