Za mu kai yara Yankari da Sallah, amma hankalina bai kwanta ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya ce da hutun Sallah zai kai mu Yankari mu yini, mu dawo Bauchi a ranar. Yaranmu uku ne, ɗan shekara 9, 'yar shekara 6, sai auta mai shekara 3. Tunda aka sa rana na kasa barci. Ina tsoron zaki da maciji, ga Hajiyarsa tana cewa ruwan Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da ake wanka a can, yana da mutanen ɓoye. Shi kuwa ya ce ba komai, wurin cike yake da jama'a, ko yaro ya nutse za a ji ihunsa a ciro shi a matse masa ciki ya amayar da ruwan. Me zan shirya, ko in roƙe shi a fasa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada a fasa. Amma maganar maigida ta ƙarshe ta fi zakin ba ni tsoro, kuma a kanta zan daɗe.

Zaki dai ki cire shi a ranki. Faɗin dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, zakunan da suka rage kuwa 'yan kaɗan ne, sai mutum ya yi ta zuwa bai ga ko ɗaya ba. Zagayen kallon namun daji a mota ake yi tare da ma'aikacin gandun, ba mai sauka sai ya ba da izini. Da rani dabbobi kan taru a bakin Kogin Gaji, yara za su iya ganin gwanki da gwambaza da ɓauna, giwa kuma sai an yi sa'a. Maciji maganinsa rufaffen takalmi, da hana yaro kutsawa ciyawa ko cusa hannu a rami.

Ku fito bayan sallar asuba, ku kama hanyar Gombe. A Dindima za ku karya zuwa Mainamaji inda ƙofar shiga take, daga ƙofar zuwa sansanin Wikki kuma akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai. Ku ƙiyasta awa biyu zuwa biyu da rabi. A cika tanki tun daga Bauchi, a duba safaya, a riƙe tsabar kuɗi. Ruwan sha kada ya gaza lita biyu ga kowane mutum, da ƙunshin ORS (garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki) biyu ko uku, kowanne a lita ɗaya ake dama shi. A sa wa yara riga mai dogon hannu mai haske, domin ƙudan tsando baƙi da shuɗi yake bi. Gwaggon birin sansanin ya saba da mutane har ya raina su. Yana fizge leda daga hannun yaro, yana shiga motar da aka bari a buɗe. Kada a ba shi abinci, kada yaro ya riƙa yawo da biskit a hannu. In ya ciji ko ya yakushi wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a nufi asibiti a ranar don allurar rigakafin ciwon haukan kare da ta sarƙewar haƙora.

To, mu zo kan ruwa. Wannan zance na "za a ji ihunsa" kullum sai an maimaita shi a ɗakin gaggawa na yara, kuma daga bakin iyayen da suke tsaye kusa da yaron lokacin da abin ya faru. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu. Bakinsa na nutsewa yana fitowa, ɗan lokacin da ya fito ko numfashi bai ishe shi ba, balle kira. Hannuwansa suna danna ruwa a gefe, ba zai iya ɗaga su ya yafito kowa ba. Za ki gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a ɗage baya, ido a buɗe, wanda bai sani ba sai ya ce wasa yake. Daƙiƙa 20 zuwa 60 ke nan, sai ya yi ƙasa. Autanki ko wannan fafutikar ba lallai ya yi ba. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi in aka kwatanta da jikinsa, in ya kifa da fuska, ruwan da bai wuce idon sawu ba ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Yawan jama'ar da maigida ke dogaro da shi kuwa, shi ne ma ke ƙara haɗarin. Da Sallah wurin kan cika, kowa na zaton wani yana kallo, ga hayaniya, ga ɗaukar hoto. Wikki kansa yana ruɗi. Ruwan garau yake, ana hango yashin ƙasa sai a ɗauka nan kusa ne, alhali wajen da yake ɓuɓɓugowa ƙarƙashin dutse ya kusa mita biyu. Ɗuminsa digiri 31 ne rani da damina, kamar ruwan da aka sirka wa jariri, don haka sanyi ba ya korar yaro ya fito, sai ya gaji ƙafa ta saki. Kuma gudu yake yi, kusan lita miliyan 21 a kullum yana gangarawa Gaji. Waɗannan su ne mutanen ɓoyen, da gafarar Hajiya.

Saboda haka tun a mota a raba aiki da suna. Auta da 'yar shekara 6, kowanne da babban da ke cikin ruwa tare da shi, inda in ya miƙa hannu zai damƙe shi. Wanda ke kan aiki ba waya a hannunsa, ba hira. In zai tafi alwala ya kira wani, ya ji ya amsa, sannan ya tafi. Ɗan shekara 9 ba mai gadi ba ne, shi ma a sa masa ido, don masu ganin sun iya su ne ke zuwa wurin zurfi. Balan-balan na hannu da tiyub ɗin mota da jarka duk kayan wasa ne, suna sacewa, suna suɓucewa. In za a sa wani abu, a sa rigar ruwa ta gaske mai maɗauri, daidai jikin yaro. Ke ma in za ki shiga, ki san cewa zane da dogon hijabi in sun jiƙe suna harɗe ƙafa.

Sai matse ciki. Wallahi wannan al'ada ta kashe yaran da aka ciro da sauran rai. Abin da ke kisa a nutsewa rashin iska ne, kuma ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Ruwan da kake gani yana fitowa in ka danna ciki na tumbi ne, haɗe da abincin da yaro ya ci, kuma da yake ba ya cikin hayyacinsa, huhu zai koma. Ruwan da ya riga ya shiga huhu ba a matso shi. Haka juya yaro ƙafa sama kai ƙasa ana jijjigawa, haka ɗura masa wani abu a baki. Minti uku sun tafi, jama'a an yi da'ira, wani na cewa a nemo mai tofi, wani ya ɗaga waya yana ɗauka don ya watsa a WhatsApp. Kai da Allah ya ba amana, wa ya koya maka wannan? A ina ka ga an yi ya yi aiki? Wanda aka matse ya farfaɗo, dama yana numfashi. In abu ya ɓaci sai a ce ƙaddara, a rufe magana, gobe a sake yi wa ɗan wani. Ba wanda ya hana addu'a. Mutum ɗaya ya hura iska, sauran bakunan su yi ta addu'a.

Ga abin da ake yi, ki karanta wa maigida. A kwantar da yaro rigingine a ƙasa mai tauri, a kira sunansa, a duba ƙirji na daƙiƙa 10. In ba ya numfashi, ko yana wani irin jan numfashi jefi-jefi, a ɗaga haɓa, a toshe hanci, a hura masa iska sau 5, kowace sai an ga ƙirji ya taso. Sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, da hannu ɗaya ga ƙaramin yaro, zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, da saurin 100 zuwa 120 a minti. Sai hurawa 2, dannawa 30, a ci gaba ba tsayawa. In amai ya zo a karkata shi gefe, a kwashe da yatsa, a koma aiki. Wani ya ruga ya kira ma'aikata, wani ya tayar da mota. In ya fara numfashi a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi.

Duk yaron da aka hura wa iska, ko ya fito yana tari ba ƙaƙƙautawa, asibiti zai je ko da ya miƙe yana wasa. Huhu kan iya kumbura cikin awa 8 da suka biyo baya: numfashi da sauri, kumfa a baki, leɓe ya yi duhu, barci mai nauyi. Daga Wikki zuwa asibitin koyarwa na Bauchi tafiyar awa biyu ce, don haka ba a jira a gani.

In kun lissafa kuka ga manyan da za su shiga ruwa ba su kai biyu ba, kada ku sauka matakalar Wikki da yaran. Ku yi zagayen daji, ku shiga gidan adana kayan tarihi na sansanin, ku kama hanya da la'asar don magariba ta same ku a gari. Ko kuma ku nufi Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, ya fi kusa, kuma can ne ake ganin raƙumin dawa da jakin dawa.