Akwatin da Ke Buɗe Duk Tashoshi: Mu Daina Biyan Kuɗin Wata?

Tambaya: Malam, kuɗin talabijin na wata-wata ya zama abin rigima a gidanmu. Maigida ya ce asara ce, tunda ƙwallo kaɗai yake kallo, yara kuma sun koma waya. Wani mai haɗa dish ya ce zai sayar mana da akwatin da ke buɗe duk tashoshi, biya ɗaya har abada. Ina tsoron kada mu yi asara biyu.

Amsa: Hajiya, maigida yana da gaskiya a rabin maganar. Ƙwallon kai tsaye ne ke riƙe gidaje da yawa kan biyan kuɗin wata, sai labarai da shirye-shiryen yara. Kamfani na zuba maƙudan kuɗi kafin ya samu izinin nuna wasanni, shi ya sa yake cusa tashar ƙwallo cikin tsari mai tsada, ki biya tashoshi rututu ki kalli kaɗan. Masu dainawa kuwa, ko tsada ce ta kore su, ko YouTube da Netflix sun ishe su.

Amma wannan akwatin, don Allah ku rabu da shi. Na gaji da jin "har abada" a bakin 'yan damfara. Tashoshin biya a kulle suke, kuma makullin yana canzawa kusan duk daƙiƙa 10. Akwatin ba ya buɗe komai da kansa. Makullin sata yake karɓa ta intanet daga wata kwamfuta da ba ki san mai ita ba. Ranar da aka rufe ta, sai allo ya yi baƙi ana tsakiyar wasa, ki kira mutumin ki ji wayarsa a kashe. Wa za ki kai wa ƙara, alhali kayan sata kika saya?

Abin bai tsaya nan ba. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan BADBOX 2.0, muguwar manhajar da ake samu cikin akwatunan Android marasa suna, wasu tun kafin su iso hannun mai saye. Kina jona shi da intanet ɗin gida, ɓarayi na aikata ta'asa ta layinki ba ki sani ba.

Ku sauka zuwa ƙaramin tsari, ko ku biya lokacin kakar wasa kaɗai in kamfanin ya yarda. Tashoshin kyauta na halal ma suna nan ta eriya da tauraron ɗan adam.