Amsar tambayar Yaya: abin da ke kai mu daji da mota mai ɗaki

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Hajiya da yara. Tambayar da ka yi mini a waya ta fi ƙarfin amsar minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuto. Ka ce ka ga hotunan mutanenmu a Facebook sun jera manyan motoci a gindin dutse, mata na girki, yara na guje-guje. Kana so ka san me zai sa magidanci ya kwashi iyalinsa ya kashe kuɗi ya je ya kwana a jeji, alhali ba fatauci ya fita ba, ba kuma ziyarar dangi ba.

Motar dai RV ake ce mata a nan Amurka. A cikinta akwai gadaje, murhun gas, firji, banɗaki da tankin ruwa. Ƙalilan ne a cikinmu suka mallaki tasu, yawanci haya muke yi, kuma matsakaiciyarta lasin tuƙi na yau da kullum ya wadatar. Tana da shan mai, galan ɗaya da ƙyar yake kai ta mil 10. Duk da haka mun fi son ta a kan otal, don tukunyarmu da butarmu da wurin sallarmu duk suna hannunmu.

Amma dalilin fitar yana cikin irin zaman da muke yi a jihar Minesota. Maigida na aikin dare, uwargida na aikin rana, yara na makaranta. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙanƙara ta kulle kowa a ɗaki. Babu zaure, babu tsakar gida, babu dandali. Za ka yi wa ɗanka magana da Hausa ya mayar maka da Turanci, ba don raini ba, don shi yake ji yini guda. Wannan abu yana damun mu ƙwarai. To idan hutun makaranta ya zo tsakanin Yuni da Agusta, sai gida uku ko huɗu su haɗu, galibi da kuɗin adashen da aka zuba tun lokacin sanyi, a fita kamar ayarin fatake: akwai madugu da ya san hanya, shi ke gaba, shi ke faɗin inda za a yada zango, kuma ba a barin mota ɗaya a baya. A wurare da yawa waya ba ta kamawa. Yaro ba shi da abin latsawa, sai ya zauna ya ji hirar manya, ya ji tatsuniya daga bakin kakarsa in tana nan, ya koyi gaida babba yadda ake yi. Abin da nake gani a bakin yara bayan an dawo, makarantar Asabar da Lahadi ba ta ba su shi a shekara.

Hanyar da muka fi bi ita ce babbar hanya mai lamba 90, a miƙe yamma cikin Dakota ta Kudu. Da fari gonakin masara ne da waken suya iyakar ganinka. Da ka ƙetare kogin Misuri sai ciyawa da shanu, da iska mai kaɗa mota har sai direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Waɗannan filaye an raba wa baƙi ne da dokar 1862, wadda ta ba mutum eka 160 in ya zauna ya noma ta shekara biyar. Yaranmu sun karanta wannan a makaranta. Abin da muke so su tambaya shi ne, ƙasar wa aka raba?

Nan ne nake so ka fahimce mu, Yaya. A cikin duwatsun da ake kira Black Hills akwai dutsen Rushmore, inda aka sassaƙa fuskokin shugabanni huɗu, Washington da Jefferson da Theodore Roosevelt da Lincoln, daga 1927 zuwa 1941. Kowace fuska ta kai mita 18. Aiki ne na ban mamaki, muna kuma kai yara su gani, don ƙasarsu ce, fasfo ɗinta suke riƙe. Sai dai duwatsun nan na ƙabilar Lakota ne, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa, wuri mai alfarma a wurinsu. A 1868 gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya cewa nasu ne. A 1874 aka ga zinariya, cikin 'yan shekaru aka ƙwace. A 1980 Kotun Ƙoli ta ce an zalunce su, ta yanke a biya su diyyar sama da dala miliyan 100, suka ƙi karɓa har yau, suka ce ƙasar ba ta sayarwa ba ce. Mutane ne da talauci ya yi wa katutu, amma suka ƙi. Daga nan muna gangarawa kudu zuwa Wounded Knee, inda sojoji suka kashe 'yan Lakota sama da 200 a Disambar 1890, da yawansu mata da yara. Babu wani gini na ƙawa a wurin, kabari ne na bai ɗaya a kan tudu. Mun yi shawara a tsakaninmu cewa ba za mu nuna wa yara dutsen farko mu ɓoye musu tudun nan ba. Yaron da zai girma baƙar fata kuma Musulmi a Amurka gara ya ji labarin ƙasar duka, kuma ya ji shi iyayensa na tsaye kusa da shi.

Bayan haka sai hawan duwatsun Wayomin. A gangaren Bighorn direba ke nuna kansa: a sa ƙaramar giya a bar inji ya riƙe motar, don wanda ya dogara da birki zai ji ƙaurinsa. Ko a Yuli dare na da sanyi a can sama. Yellowstone, gandun da aka keɓe tun 1872, yana da maɓuɓɓugar da ke feso tafasasshen ruwa sama kusan duk bayan awa ɗaya da rabi, da baunar Amurka da ke tare hanya. Doka ta ce a ba ta tazarar yadi 25, dabbar beyar kuma yadi 100, kuma ba a kwana da abinci a waje.

Ka tambayi salla. Ƙasaru muke yi, kuma tun da ba kasafai muke niyyar kwana huɗu a wuri ɗaya ba, haka muke tafiya da ita. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take. Rana kan kai ƙarfe tara ba ta faɗi ba, don haka lisha takan yi nisa. Jam'i kuwa ba ya wuce mu, a kan ciyawa, maza a gaba, mata a baya. Nama muna saye daga shagunan Somaliyawa a Miniyapolis kafin mu tashi, don a can ƙauyuka samun yankan Musulmi da wuya. Ba a barin shigowa da kilishi ta filin jirgi, sai matanmu suka koyi yin dambun nama da yawa, ga garin kuka da daddawa da yaji. Kowane gida na kwana a motarsa. Mata na haɗa tukunya, maza na da tuƙi, hura wuta, da zubar da ruwan banɗaki a ramin da aka tanada a zango.

Batun tsoro ma gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Garuruwan ƙanana ne, kusan duk farar fata, kuma hijabi na jan ido. Mafi yawa tambaya suke yi da fara'a, wasu su kawo taimako in mota ta sami matsala. Akan kuma haɗu da mai ɗaure fuska. Shi ya sa muke kama wurin kwana tun watanni kafin tafiya, ba ma isa zango da dare, ba ma kuma shiga gonar kowa, don mutanen karkara na riƙe da bindiga.

Idan aka komo ta Montana da Dakota ta Arewa, akwai wani ƙauye, Ross, da muke ratsewa. Musulmi daga Sham da suka zo noma a farkon ƙarnin da ya wuce sun gina masallaci a nan a 1929. Na farkon ya rushe, aka gina ƙarami a 2005 kusa da maƙabartarsu. Muna tsayawa mu yi musu addu'a, yara su karanta sunayen da ke kan kaburbura. Ya kamata su san cewa an yi kiran salla a wannan fili tun kafin a haifi kakansu.

Saura maganarka ta ƙarshe, cewa da kuɗin nan gara a zo gida. Tikitin jirgi na gida mai mutum shida ya ninka kuɗin wannan tafiya, shi ya sa yawancinmu shekarar da aka zo gida ba a fita daji, shekarar da aka fita kuma ana tara na zuwa. Abin da ake aiko wa iyaye kuwa ba ya cikin wannan lissafi, shi ake fara cirewa. Mu baɗi muna tafe in Allah ya yarda. Ka gaida Hajiya, ka ce mata a ajiye mana kuka da kuɓewa busasshiya.