Ƙwallon tebur: wane karatu ne zai mayar da ɗan wasa koci, kuma me ya kamata a fara saya?

Tambayoyi uku na zaɓo a wannan makon, dukkansu a kan ƙwallon tebur, daga mutanen da ke riƙe da kuɗi kaɗan kuma suke gudun zuba su inda ba za su yi amfani ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina, na gama sakandare, kuma tun ina yaro nake buga ƙwallon tebur. Yanzu yaran unguwa suna taruwa wurina bayan la'asar ina nuna musu, har na fara tunanin mayar da abin sana'a. Na ga tallar wani kwas a intanet wanda aka ce na wata jami'ar ƙasar waje ne, wata uku ta waya, a ba ka takardar koci, amma kuɗinsa zai cinye duk abin da na tara. Yayana kuma ya ce in zauna JAMB in karanta ilimin motsa jiki. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka biya kuɗin wannan kwas yanzu. Akwai jami'o'i na gaskiya da ke koyar da aikin horarwa daga nesa, amma abin da kake nema abu biyu ne waɗanda da wuya takarda ɗaya ta haɗa su. Na farko shi ne shaidar da ma'aikatar ilimi ko hukumar wasanni ko makarantar kuɗi za ta gani ta ɗauke ka aiki, ta ɗora ka a matakin albashi. Na biyu shi ne ƙwarewar ido da hannu, wato ka tsaya gefen tebur ka gane cewa ƙwallon yaron nan yana faɗawa raga ne saboda bai lura da irin murzawar da abokin wasansa ya yi masa ba, sannan ka san kalma biyu ko uku da za ka faɗa masa ya gyara. Kwas na wata uku ta waya ba lalle ne ya ba ka ko ɗaya daga cikin biyun ba.

A kan shaidar aiki, yayanka yana da gaskiya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano duk suna da sashen ilimin motsa jiki da lafiya, kuma digirin shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta JAMB. Idan zaman wani gari ya yi maka nauyi, ka je da ƙafarka Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Katsina, ko ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, ka tambayi yadda ake shiga NCE a wannan fanni, domin mai NCE yana iya neman jami'a daga baya ya fara daga aji biyu. Abin da za ka samu a can ba ƙaramin abu ba ne: yadda gaɓoɓi da jijiyoyi suke aiki, yawan atisayen da jikin yaro ɗan shekara goma zai iya ɗauka ba tare da an cutar da shi ba, taimakon gaggawa idan wani ya gurɗe, yadda ake tsara darasi, da kuma aikin koyarwa na gwaji a makaranta. Yawancin masu koyar da wasa a unguwanninmu wannan ne suka rasa, shi ya sa za ka ga an sa ƙaramin yaro atisayen manya har gwiwa ko kafaɗa ta fara damunsa.

Sai dai ka shiga da saninka cewa ƙwallon tebur ɗan yanki ne kawai a cikin wannan karatu, yana raba lokaci da ƙwallon ƙafa da guje-guje da ƙwallon raga da sauransu. Mutum yana iya gama digiri da kyakkyawan sakamako bai iya koya wa yaro sabis, wato bugun fara wasa, ba. Saboda haka tun ranar da ka shiga ka nemi ƙungiyar wasan ta makarantar, ka yi ƙoƙarin samun gurbi a gasar NUGA ta jami'o'i ko NICEGA ta kwalejojin ilimi, domin a irin waɗannan tarurruka ne za ka haɗu da kocin da suka fi ka, ka ga yadda suke aiki.

Ƙwarewar wasan kanta tana da tata hanya. Hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, wadda aka kafa a 1926, tana da kwasa-kwasan koci mataki-mataki, kuma a Najeriya ta hannun hukumar ƙasa, NTTF, ake shirya su. Matakin farko kwas ne na awa 30, amma ba a ba da cikakkiyar shaida sai mutum ya ƙara awa 30 yana horar da 'yan wasa a zahiri, wasu daga cikin awoyin a gaban wanda zai duba aikinsa. Ka lura da wannan sharaɗi, domin shi ne ma'aunin da zan so ka auna kowane kwas da shi. Akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, da ke cikin babban filin wasa na Surulere a Legas, wadda aka kafa a 1974 musamman don horar da masu horarwa, kuma hukumomin wasanni na jihohi sun san takardarta. Ka je wurin hukumar wasanni ta jiha ka gabatar da kanka, ka nemi a haɗa ka da ƙungiyar ƙwallon tebur ta jiha, domin ta wannan ƙofa ce sanarwar kwasa-kwasai take shigowa, kuma wanda ba a san fuskarsa ba da wuya a tuna da shi ranar rubuta sunaye.

Karatun waje na gaske yana nan, amma na gaba ne. Jami'ar wasanni ta Budapest a Hungari tana da kwas na koci na wata uku, Jami'ar Leipzig a Jamus ta yi shekaru tana gudanar da nata na kusan wata biyar, kuma a ƙasar Sin akwai kwalejin ƙwallon tebur a cikin jami'ar wasanni ta Shanghai tun 2010. A irin waɗannan wurare ana zuwa ne da jiki, a yi gumi a ɗakin wasa, kuma yawanci waɗanda suka riga suka fara aikin koci ake nema. Tallafin da kwamitin Olamfik na duniya yake ba masu horarwa ta hannun kwamitin Olamfik na ƙasa yake bi, ba ta hannun wani dillali ba.

Idan har ranka yana kan wancan kwas, ka yi musu tambayoyi kafin ka tura ko kwabo. Shin sunan kwas ɗin yana cikin shafin jami'ar na ainihi? Wane ne zai koyar, kuma wa ya taɓa horarwa? Wa zai ga aikinka a bakin tebur? Sannan ka tambayi NTTF ko ta san takardar. Idan amsa ta zama kame-kame, to cinikin biri a sama ne. Kuɗin da ka tara ka ajiye su don rajistar JAMB da kuɗin mota zuwa kwas na farko da za a sanar, kuma kada ka daina tara yaran nan bayan la'asar.

Tambaya: Malam, ni malama ce a wata makarantar 'yan mata a Daura. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ware kuɗi kaɗan don mu fara ƙwallon tebur, aka ɗora mini alhakin sayayya, ni kuwa ban taɓa bugawa sosai ba. Shin mu sayi tebur na kanti ko mu sa kafinta ya yi mana?

Amsa: Malama, Allah ya saka muku da alheri, domin wannan wasa ya dace da 'yan matanmu ƙwarai: a cikin ɗaki ake yinsa, ba ya bukatar fili, kuma yarinya tana iya buga shi cikin suturarta. Ku gaya musu cewa Funke Oshonaike ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik har sau bakwai a wannan wasa.

Idan kuɗin zai kai, tebur ɗaya na kanti mai kauri ya fi biyu marasa kauri, domin sirara suna banƙarewa kuma ƙwallo ba ya tashi daidai a kansu. Teburan gasa kaurin fuskarsu yakan kai milimita 22 zuwa 25, amma na 18 ko 19 ya wadatar da makaranta. Idan kuma kafinta za ku sa, babu laifi ko kaɗan ga masu farawa, muddin kun ba shi awo a rubuce: tsawo mita 2.74, faɗi mita 1.525, tsayi daga ƙasa santimita 76, raga kuma santimita 15.25. Ya yi masa fenti mai duhu wanda ba ya ƙyalli, da farin layi a gefuna. Kafin ku biya cikon kuɗinsa, ku saki ƙwallo daga tsayin santimita 30 a wurare daban-daban na teburin. Ƙa'ida ita ce ya tashi kusan santimita 23, kuma ya zama haka a ko'ina. Ku ajiye shi inda rana da yoyon damina ba za su taɓa shi ba.

Kada tebur ya cinye kuɗin gaba ɗaya. Abin da ya fi saurin koya wa yara shi ne yawan ƙwallaye: malama ta tsaya da kwano cike, tana jefo su ɗaya bayan ɗaya, yarinya tana maimaita bugu guda har hannunta ya saba. Don haka ku sayi ƙwallayen atisaye masu yawa, waɗanda aka rubuta 40+ a jikinsu, ku bar masu tauraro uku, wato mafi inganci, sai ranar gasa. Ku kuma roƙi ƙungiyar ta ware wani abu domin ku kanku ku halarci kwas na matakin farko, ko a gayyato koci daga Katsina lokaci zuwa lokaci, saboda riƙon bat, wato abin buga ƙwallon, da tsayuwar da yarinya ta koya a watan farko su ne za su bi ta shekaru.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 13 ya dame ni sai na saya masa bat irin na Aruna Quadri. Na tambayi kuɗinsa na ji abin ya wuce hankali. Ya cancanta? Daga wani uba a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Alhaji, yaron ya zaɓi gwani na gaske, domin Aruna Quadri ne ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon tebur na Olamfik, a Rio a 2016. Amma irin kayan da manyan 'yan wasa ke riƙewa an yi su ne don gudu, kuma a hannun mai koyo ƙwallo zai riƙa tsallake tebur, har yaron ya fara taƙaita bugunsa don tsoro, abin da ke da wuyar gyarawa daga baya. Ku saya masa katako zalla mai hawa biyar, wanda ba a sa masa kabon ba, da roba mai sauƙin sarrafawa irin su Yasaka Mark V ko Friendship 729. Ku duba tambarin ITTF a gindin robar, ku kuma yi hattara da duk wani kayan kamfanin Butterfly da aka ce an karya kuɗinsa sosai, domin jabu sun yi yawa. Fuska ɗaya ta bat ɗin dole ta zama baƙa, ɗayar kuma ja ko wani launi mai haske daga waɗanda aka amince da su tun 2021. Kada a manna robar da solushan na masu faci, domin an hana irin wannan gam a gasa tun 2008. Na ruwa ake amfani da shi. Ku haɗa masa da jakar bat, ya riƙa goge robar da soso mai ɗan danshi bayan wasa saboda ƙurar hunturu, kuma kada ya bar ta a rana ko cikin mota lokacin zafin bazara. Idan robar ta yi santsi ta daina kama ƙwallo, ita kaɗai za a canza, katakon zai yi masa shekaru.