Ƙona itacen daji don samar da lantarki: da gaske ba ya ƙara ɗumamar yanayi?

Tambaya: Malam, na ji an ce a Ingila itace ake ƙonawa a samar da lantarki, kuma wai ba a sa hayaƙinsa cikin lissafin abin da ke ɗumama duniya, tunda wata bishiyar za ta tsiro ta zuƙe shi. Haka abin yake?

Amsa: Ɗan'uwa, an gaya maka farkon zancen ne, an ɓoye maganar lokaci.

Bishiya da iskar kabon, wato iskar cikin hayaƙi mai ɗumama duniya, take gina jikinta; kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. In ka cinna mata wuta, abin da ta yi shekara sittin tana tarawa zai koma sama kafin la'asar. Wadda aka dasa a gurbinta kuwa sai ta yi nata shekarun kafin ta kwashe shi, in ma fari ko gobara ba su cinye ta ba. Bashi ne aka ci, kuma duk tsawon jiran biya iskar na sama tana riƙe zafi. Ga shi itace bai kai kwal zafi ba, don haka a kan lantarki iri ɗaya kabon da yake fitarwa ya fi na kwal.

Tashar lantarki ta Drax da ke Yokshaya a Ingila ce babban misali. Da can kwal take ƙonawa, yanzu miliyoyin tan na garin katako da aka dunƙule, ƙanana kamar guntun alli, ake ɗauko mata a jirgin ruwa daga jihohin kudancin ƙasar Amurka da kuma Kanada. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce a rubuta kabon ɗin a littafin ƙasar da aka sare bishiyar, gudun kada a ƙirga shi sau biyu. Shi ke nan sai Ingila ta rubuta sifiri. Ni dai ban ga laifin ƙa'idar ba, laifin na masu maida sifirin takarda sifirin sararin sama ne. A 2018 masana kusan 800 sun rubuta wa majalisar dokokin Tarayyar Turai a kan wannan.

Inda maganar ke da ƙanshin gaskiya shi ne ragowar gidan zarto da rassan da dama ruɓewa za su yi. Manomin Maraɗi da ke sassabe rassan gawo ya bar uwar a tsaye, bashinsa na 'yan shekaru ne. Mai gawayin da ya kayar da ƙirya tun daga gindi, jikokinsa ne za su ga biyan.